Dalilin da Ya Sa Tsawa Ke Makara

Dalilin da ya sa kuke ganin walƙiya tukuna, sai an jima ku ji tsawa, ya faro ne ranar wata Talata, kwana tara da saukar ruwan shuka, ana saura kaɗan a kira la'asar. Kafin wannan rana, yara, ba haka abin yake ba.

Tsawa matar Hadari ce, wanda ke kai wa manoma ruwa. A lokacin ba a san ta da ɗaga murya ba. Mace ce mai kawaici, in tana magana sai ka matso. Walƙiya kuwa 'yarta ce ta fari. In Hadari zai fita aiki, Walƙiya ce ke riƙe fitila, ƙafarta ƙafar uwarta, Tsawa na ce wa mutanen ƙasa, "A kwashe shanya, ga ruwa nan." Haske da murya tare suke isowa.

Kun dai san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tsawa ta riƙe wannan kunya fiye da kowa. Ƙannenta, Yayyafi da Raɓa, takan kira sunansu sau goma a wuni. Walƙiya kuwa sai "ke", ko "yarinyar nan". Amma ita ake zuba wa miyar da ta fi nama, kuma in ba kowa a tsakar gida, Tsawa ce ke gyara mata lagwanin fitila. Yarinyar ba ta lura da wannan ba, kunne kawai take kasawa.

Wata rana Tsawa na ɗaki ta ji yarinyar tana tambayar kakarta Gajimare, uwar Hadari, wadda kullum tana bakin ƙofa tana kaɗin auduga.

"Kaka, wai Inna ta san sunana kuwa?"

"Ja'ira. Ta fi kowa saninsa, shi ya sa take ɓoyonsa. Abin da ake so ba a yada shi a bakin ƙofa."

"Ni dai a bakin ƙofar nake son in ji shi."

Tsawa ta ji, ta ci gaba da ninke zane.

To, akwai doka ɗaya a gidan sama. Wutar sama in ta taɓa ƙasa, ƙasa shanye ta take yi har da mai riƙe da ita, kamar yadda rairayi ke shanye ruwa.

Ranar Talatar nan Hadari yana ɗaure bakin salkarsa, Gajimare tana kaɗi, sai Walƙiya ta kunna fitila ta tsaya a gaban uwarta.

"Inna, kin ga giginyar can da ta fi duk itatuwa tsawo? Zan sauka wajenta. In kin kira ni, na dawo."

"Ke, bar wasan banza."

"Ba 'ke' na ce ba, Inna."

Ta fara sauka a hankali, tana waiwaye. Sunan ya taso wa Tsawa har maƙogwaro. Ta dubi surukarta, ta dubi mijinta, nauyinsu ya kama ta.

"Yarinyar nan, dawo," ta ce.

Gajimare ta aje mazari. "Kira ta, 'yar nan. Na toshe kunnena."

Tsawa ta ja numfashi ɗaya, ta ja na biyu, ta ja na uku. Numfashi uku ne kawai, ba a ƙara ba.

Walƙiya ba ta yi niyyar taɓa itacen ba. So take ta tsaya kamu ɗaya a samansa ta jira. Ba ta san dogon itace janyo wutar sama yake yi ba. Giginya ta fizge ta, ta tsage tun daga kai har gindi, ƙasa ta shanye yarinya da fitila.

Sai a lokacin Tsawa ta buɗe baki. Shekara goma sha huɗu sunan yana zaune a cikinta ba a taɓa fito da shi ba, ya kumbura, ya fi ƙarfin harshe. Da ya fito sai ya fashe, duwatsu suka amsa, ragowarsa ta gangara tana gunguni. Ba wanda ya gane me aka ce.

Gajimare ta sauko har kan tsauni ta roƙi Ƙasa. Ƙasa ta ce, "Iya, abin da na sha ba na mayarwa. Amma don furfurarki, da damina zan bar ta ta leƙa gida, ƙiftawar ido ɗaya."

Shi ya sa har yau Walƙiya ba ta tafiya a hankali. Lokacinta kaɗan ne, ba abin da ya kai ta gudu. Tsawa kuwa ta daina jinkiri, da hasken da kiran lokaci guda suke tashi. Amma murya sai ta bi iska taki-taki, kafin ta iso, yarinya ta koma. In kun ga haske ku ƙirga a natse har ku ji ƙara, kowane biyar mil guda ne tsakaninku da su. In ƙarar ta zo a kan hasken, to suna bisa kanku, kada ku fake a gindin dogon itace.

Waɗanda suka rage a gidan sama su ne Hadari, wanda fuskarsa ta yi baƙi tun ranar ba ta washe ba, da Gajimare da audugarta, da Yayyafi, da Raɓa mai sauka da asuba tana duba cikin ciyawa ko za ta ga yayarta. Sai Tsawa a bakin ƙofa, duk tsawon rani tana gwada sunan a hankali, don ya fito daidai in damina ta zo.