Sawun Tayar Alhaji Sallau

Akwai wani ɗan kasuwa a garin Gaya ta jihar Dosso, Alhaji Sallau, mai sayar da siminti da kwanon rufi. Zamanin mulkin soja ne, shekarun da Najeriya ta rufe iyakarta, fasa-ƙwauri ya zama laifin da hukuma ba ta yi wa sassauci. Alhaji mutum ne mai gaskiya a ciniki, ba a taɓa jin ya tauye wa kowa haƙƙi ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya ganin taron mutane bai ba su abin kallo ba.

Matarsa, Madam Zalika, ita ce darektiris ta wata lekol, wato shugabar wata makarantar boko, a cikin gari. Mace ce mai kamun kai, wadda ke lallaɓa sunan gidanta kamar ƙwai. Tsawon zamanta a Gaya babu wanda ya taɓa jin muryarta ta ƙetare katanga.

Alhaji yana da kat-kat, babbar motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Aikinta kuwa sananne ne: Gaya zuwa Dosso, Dosso zuwa Yamai, a juyo. Gudron ne, wato kwalta, shimfiɗe tun daga bakin gari. Ba ta taka ƙasa sai in za shi gonarsa ta Tanda, lokacin shuka da lokacin girbi.

Da tayoyinta suka tsufa, sai ya zo da zance bayan an ci tuwo.

"Darektiris, na yanke shawara. Tayar daji zan sa mata, mai manyan haƙora."

"Alhaji, wane dajin?"

"Daji dai. Ba kat-kat ba ce?"

"Kat-kat ce, amma rabonta da daji tun kakar bara. Na tambayi shoferin da ke tuƙa mu zuwa taron malamai. Ya ce tayar daji a kan gudron gurnani take yi, tana shan esansi, man nan mai tsada, kuma gudron ɗin ne zai cinye haƙoran nata kafin su ga laka. In an yi ruwa ma, birki ba ya kama ta kamar yadda yake kama tayar hanya. Akwai ta tsaka-tsaki, mai zane madaidaici. Za ta kai ka Yamai cikin natsuwa, ta kai ka Tanda ba tare da ta kafe ba."

Alhaji ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Boko ya hana ki gane mota. Zaki ba ya yawo da faratan kyanwa."

"Zaki kuma ba ya zuwa Yamai sayen siminti, Alhaji."

Ya miƙe ya wanke hannu ya fita. Ta san wannan halin sarai: magana ta ƙare, kuma ba a wajenta ta ƙare ba.

Ranar kasuwar Malanville, garin da ke hayin kogi, suka ƙetare gada tare, domin ita ma tana da sayayyar atamfa. A gabanta ya tsaya wurin Alassan, wani ɗan Gaya mai sayar da tayoyin gwanjo da ake kawowa daga Kwatano. Ga su nan tuli guda, an wanke su, an shafe su sun yi baƙi wuluk. Alhaji ya zaɓi huɗu masu zane kamar ƙayar kifi. Kafin su tafi ya ja Alassan gefe, ya raɗa masa wata magana. Madam Zalika ta gani, ta kau da kai.

Ba ta fahimci raɗar ba sai bayan kwana biyu, da labari ya iso ta har cikin lekol. Wai Alhaji yana ƙofar kantinsa yana gaya wa jama'a cewa daga Faransa aka aiko masa da tayoyin, kuma babu mai irinsu daga nan har Dosso. Duk wanda ya yi musu, sai ya tada mota, ya taka rairayin gefen kanti, ya fito yana nuni da baki.

"Ku duba da kyau. Kun taɓa ganin sawu irin wannan?"

Haka mutanen Gaya da ƴan ƙauyukan da ke cin kasuwarta suka haddace sawun tayar Alhaji Sallau kamar yadda yara ke haddace karatun allo.

Ta yi masa magana a gida, ya ce raha ce kawai. Ta sake yi, ya ce mata ba su san kasuwa ba. Tafiyarsu ta farko zuwa Yamai kuwa, motar ta dinga gurnani kamar injin niƙa tun daga Gaya. Rediyo bai jiyu ba, hira ba ta yiwu ba. Ta sauka da ciwon kai, shi kuma ya sauka yana cewa ai ƙarfi ne ke magana.

Sai aka yi wani suna a unguwa. Ana tsakiyar cin waina, Hajiya Ajuma, maƙwabciyarsu, wadda ba ta barin zance ya kwana a cikinta, ta ɗaga murya.

"Madam, ke ce mai ilimi, ke za ki raba mana gardama. Gaskiya ne tayoyin Alhaji daga Faransa suka zo?"

Madam Zalika ta dubi idanun da ke kanta. In ta ce a'a, ta ƙaryata mijinta a gaban mata. Ta gyara lulluɓinta, ta ce:

"Haka ne."

Ta tashi ta koma gida tun ba a watse ba. Ita da ke hukunta ɗalibi in ya ce akuya ta cinye littafinsa, yau ga ta ta sa hannu a ƙaryar taya.

Damina ta yi nisa, gero ya yi ciki. Wata safiya wani dattijo a ƙauyen Bengou, Baba Ɗan'auta, ya je gonarsa ya tarar an ratsa ta da mota daga wannan gefe zuwa wancan. Wasu ƴan fasa-ƙwaurin esansi ne suka gudo wa ma'aikatan duwan, wato kwastan, suka bi ta cikin shukarsa, suka kwantar da ita. A kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa ga sawu nan ɓaro-ɓaro, kamar ƙayar kifi.

Ba a sha wahalar bincike ba. Duk wanda ya leƙa sai ya riƙe baki ya ce, "Ai wannan ta Alhaji Sallau ce."

Madam Zalika tana cikin aji sai ga Hajiya Ajuma a bakin taga, tana haki.

"Madam, ki fito! Jandarma sun tafi da Alhaji, har da motar."

Ta ajiye alli, ta kakkaɓe hannu, ta bar wa wata malama ajin. Ba ta yi gudu ba, domin darektiris ba ta gudu a titi, amma zuciyarta ta riga ta isa. Ta san abin da ke jiran wanda aka tabbatar wa wannan laifi: a karɓe mota, a wuce da shi Dosso, sunan gidansa kuma ya zama na ƴan fasa-ƙwauri har jikoki.

Ta tarar rabin kasuwa ya taru ƙarƙashin bishiyoyin harabar jandarma. Shef, shugaban jandarman, yana zaune a baranda, Alhaji na tsaye gabansa, Baba Ɗan'auta na gefe riƙe da karan gero karyayye.

"Shef, wallahi ranar ina gida," in ji Alhaji.

"To motar ce ta fita kiwo ita kaɗai?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, ba ni na faɗa ba," Shef ya ci gaba. "Kai ka ce babu mai irin tayarka daga nan har Dosso. Shaiduna sun fi ƴan kallo yawa. Yanzu ka gaya mini: akwai mai irinta, ko babu?"

Madam Zalika ta zuba masa ido. Ƙofa ce aka buɗe masa. Kalma ɗaya ta ishe shi ya fita. Alhaji ya share zufa, ya dubi taron, ya dubi abokan majalisarsa, sannan ya ce:

"To, Shef, wataƙila wani ne shi ma ya aika Faransa aka kawo masa."

Ta runtse ido. Inna lillahi! Mutumin nan ya gwammace ya shiga kurkuku da Faransarsa a hannu da ya fita babu ita.

Shef ya juya ga wani jandarma. "A shirya mota. Dosso za a kai shi."

Nan ta auna abin da ke gabanta. In ta yi shiru, ita ce matar ɗan fasa-ƙwauri. In ta yi magana, ita ce matar maƙaryaci, kuma maƙaryaciya da bakinta. Babu ɗaya a ciki da ya yi kama da sunan da ta kwashe shekaru tana ginawa. Ta tako gaba.

"Shef, ina neman izinin magana. Ni ce iyalinsa."

"Bismillah, Madam."

"Tayoyin nan, in ma sun taɓa ganin Faransa, to a ƙarƙashin motar wani suka gan ta. Gwanjo ne. A Malanville aka saye su, wurin Alassan, kuma a gabana. Mun bar irinsu tuli guda a rumfarsa."

Harabar ta ɗauki guna-guni. Alhaji ya ce, "Zalika!" da wata irin murya. Daga cikin taro kuma Hajiya Ajuma ta ɗago kai.

"A'a, Madam! Ba da bakinki kika ce mana daga Faransa ba, ranar suna?"

Madam Zalika ta juya ta fuskance ta sosai.

"Da bakina, Hajiya. Ƙarya na yi. Ga shi kuma ina janye ta a gaban waɗanda suka fi na ranar yawa."

Shef ya aika a kira Alassan. Bayan azahar sai ga shi a kan babur, da taya ɗaya ɗaure a baya. Aka gara ta a kan rairayi kusa da motar Alhaji. Sawu biyu suka fito kamar tagwaye.

"Wa da wa ka sayar wa irin wannan?" in ji Shef.

"Shef, duk wanda ya zo. Mutanen Kamba sun saya, na Kandi sun saya, waɗanda ban san garinsu ba ma sun saya. Alhaji ne kawai ya roƙe ni in riƙe bakina."

Wannan karon dariyar ba ta ɓuya ba. Har jandarman da aka sa shirya mota sai da ya juya baya yana girgiza kafaɗa.

Aka sallami Alhaji da la'asar. Baba Ɗan'auta ya matso, ya ɗan rusuna.

"Alhaji, ka yafe mini. Amma kai ka koya mana sawun."

Madam Zalika ce ta amsa, ta ce in an yi girbi a Tanda za a kai masa gero, domin shi kaɗai ne a wurin ya yi asara ba da laifin bakinsa ba.

A hanyar gida babu mai magana sai tayoyin. Sai da suka kusa ƙofa Alhaji ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"Kin tsinka ni a gaban Gaya."

"Na tsinka mu, Alhaji, mu biyu. Gara mu kwana da kunya a gidanmu da ka kwana da Faransa a kurkukun Dosso."

Bai sake tada zancen ba. Amma Gaya ba ta mantuwa. Daga ranar sunansa ya koma Alhaji Faransa, ko a masallaci haka ake kwatanta shi. Ita ma ba ta tsira ba. Takan ji ɗalibai na raɗa "Madam Faransa" in ta juya ga allo, kuma babu wanda ta taɓa hukuntawa a kai, domin ta san da bakinta ta sayi sunan. Ta ɗauke shi har ta yi ritaya, kanta a sama. Amma ko sau ɗaya, ko a faɗan yara, ba a taɓa nuna ƴaƴanta aka ce ga ƴaƴan ɗan fasa-ƙwauri ba.

Darasi: Ka zaɓi tayarka gwargwadon hanyar da kake bi, ba gwargwadon idon da ke kallonka ba. Abin da ka yi taƙama da shi yau, shi zai iya zama shaida a kanka gobe. Kuma wanda ya taya masoyinsa riƙe ƙarya don gudun ƙaramar kunya, babba yake kira wa gidansa. Ku tura wannan labari ga ƴan'uwa da abokan arziki, musamman masu mota da matan da ke fama da su.