Bas Ɗin Da Bai Dawo Ƙofar Kaura Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan shafi. Kwana goma sha biyu ke nan ban sa maku komai ba, har wasu sun biyo ni suna tambaya ko lafiya. Jikina lafiya lau, zuciyar ce ba lafiya. Abu ɗaya nake ta juyawa, da shi nake ɗora tukunya, da shi nake saukewa. Jiya sau biyu na zuba gishiri a miya. Jibi Asabar kuma dole in ba da amsa.

Zan ba ku shi kamar labarin wata, na kuma canza sunaye, don ba zan iya cewa "ni" ba.

Akwai wata mata a Ƙofar Kaura, sunanta Hure. Mijinta tela ne a Babbar Kasuwa. Manyan ɗiyanta biyu suna aure nesa, saura auta a gabanta, Ummusalma, 'yar shekara goma sha uku.

Ummusalma na da shekara huɗu wani zazzaɓi mai zafi ya taɓa mata kai. Tun daga nan take da farfaɗiya. Tana shan maganin asibiti safe da yamma, kuma rabonta da faɗuwa shekara ɗaya da wata bakwai. Uwar ce ke ƙirgawa.

Duk dogon hutu, zuri'ar Malam Babaji, mahaifin su Hure, suna haɗuwa a Katsina. Na Abuja su zo, na Kaduna su zo, a yi wa marigayi addu'a a tsohon gida, a ci abinci, yara su san juna. In an ce girkin taro kuwa, an ce Hure. Ba a ma tambayarta, sai dai a aiko da kayan cefane.

Bana babban yayansu, Alhaji Gidaɗo na Abuja, ya sanar a guruf ɗin gida na WhatsApp cewa za a canza tsari. Za a ɗauki bas a fita wani lambu a hanyar Daura, mai lilo da ciyawa da ɗawisu. Aka fitar da anko, shuɗiyar atamfa. Kowa yana cikin murna, ga shi kuma an kusa sa ranar ɗiyar Alhajin, Na'ima, da wani yaro mai suna Muhyiddeen.

Ummusalma ba ta taɓa ganin ɗawisu ba sai a littafi. Sati uku tana ƙirga kwana. Babanta da kanshi ya ɗinka mata doguwar riga, ta goge ta sau biyu ta rataye a ƙusa.

Ranar Asabar ɗin da za a fita, Hure ta idar da sallar asuba ta hau murhu. Dambun shinkafa da zogale, kaji, zoɓo. Kula shida ta cika. Ko cokali ɗaya ba ta rage a gida ba, tunda can za su ci.

Ƙarfe tara ƙanwarta Fiddausi ta iso da mota. Fiddausin nan Hure ce ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu.

"Yaya Hure, wannan ƙamshi ai sai ki hana maƙwabta sukuni! Direba, kwashe kulolin nan."

"Mu ma mun shirya, bari in ɗauko mayafi."

"Af, na manta ban faɗa maki ba. Mutanen Kaduna sun cika bas ɗin, ga motata kuma duk kaya. Yaya ya ce ana sauke su za a dawo a ɗauke ku. Sha ɗaya daidai."

Ummusalma ta fito tana juyi. "Anti, kin ga ɗinkina?"

"Ya yi kyau," in ji Fiddausi. Wayarta take kallo.

Suka fito da benci zaure suka zauna, uwa da ɗiya, cikin anko. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu ta yi. Duk motar da ta yi oda sai yarinyar ta zabura ta leƙa. Aka kira azahar, aka fara yayyafi.

Hure ta kira Fiddausi, ba a ɗaga ba. Ta kira Yaya, ba a ɗaga ba. Ta kira direba, a kashe. Damina ce, hanya da santsi, ga bas cike da yara. Ta yi sallah ta daɗe a sujada tana roƙon Allah Ya sa ba hatsari suka yi ba, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Tana kan dardumar saƙon murya ya shigo guruf. Fiddausi ce. Ta danna. Kiɗa ta fara ji da dariyar yara, sannan muryar ƙanwarta:

"Yaya, Hure fa ta kira ni sau tara. Me zan ce mata? Ni dai na sa direba ya kashe waya kamar yadda ka ce. A bari su Hajiya Delu su tafi tukuna, kada yarinyar nan ta zo ta faɗi a gaban surukai a ce abin a jininmu yake."

Minti ɗaya bai cika ba aka goge saƙon. Yaya kaɗai ta so aika wa, sai ya faɗo guruf.

Hajiya Delu ita ce mahaifiyar Muhyiddeen. Ashe an gayyace ta ta zo ta ga dangi. Kowa ya sani ban da mai girki.

Hure ta naɗe dardumar. Sannan ta fito zaure.

"Ummusalma, taso mu shiga. Bas ɗin ya lalace."

Yarinyar ta kalle ta, ta ɗauko bencin. Ƙanzon dambu suka kankare a tukunya suka ci da man gyaɗa. Da yamma hotuna suka cika waya: kowa cikin shuɗi, bayansu ƙaton hoton Malam Babaji, gabansu kulolin Hure a jere.

Washegari direba ya dawo da kulolin. Ko wanke su ba a yi ba.

Ranar Talata da hantsi aka yi sallama. Wata dattijuwa ce mai farin gilashi, Hure ba ta san ta ba. Bayan an gaisa, an tambayi gida da ruwa da gajiya, sai ta ce:

"Baiwar Allah, ke ce Hure mai abincin biki? Sunana Delu. Wani dambu na ci ranar Asabar, har yau yana bakina. Na tambaya, Hajiya Fiddausi ta ce wata mai girkin biki suka ɗauka. Na ce a ba ni lambarki, aka yi ta kame-kame. Sai wata tsohuwa da suke ce wa Gwaggo Sabuwa ta ɗaga murya ta ce, 'Hure ce, ki tahi Ƙofar Kaura gidan tela mai koriyar ƙofa.' So nake ki yi mani girkin auren ɗana."

Mai girkin biki. Hure ta haɗiye wannan ma.

Ta shigar da baƙuwar ɗaki. Hajiya Delu na zama idonta ya sauka a bango, inda hoton Malam Babaji yake. Ta waiwaya tsakar gida, ga shuɗiyar atamfa kala biyu a kan igiya, babba da ƙarama.

"Me kike da wannan dattijon?"

"Mahaifina ne."

"Alhaji Gidaɗo fa?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To me ya hana ki zuwa?"

Maganar ta zo har bakin Hure. Ta tuna Na'ima, yarinyar da ba ta taɓa yi mata ko kallon banza ba. Sai ta ce, "Allah bai nufa ba, Hajiya."

Ummusalma ta kawo ruwa ta durƙusa ta gaida baƙuwa. Har ta miƙe sai ta tsaya.

"Hajiya, kin je lambun? Da gaske akwai ɗawisu?"

"Akwai, ɗiyata. Har biyu."

"Ya buɗe wutsiyar?"

Hankalin Hajiya Delu ya riga ya koma wani wuri. Kwalin maganin da ke kan taga take kallo. Ta miƙa hannu ta ɗauka, ta jujjuya shi.

"Na wa ne?"

"Nata ne," in ji Hure.

"Safe da yamma. Ba a tsallakewa ko sau ɗaya, ko da biki ake." Ta cire gilashinta ta goge ido da bakin mayafi. "Shekara bakwai Muhyiddeen yana shan irinshi. Ni na san faɗuwar tsakar kasuwa, na san yadda mutane ke ja da baya suna tofar da yawu. Ya rabu da abin tun yana aji biyu na sakandare. Niyyata in faɗa wa yayanki kafin a sa rana, don ba na ƙulla aure a kan ɓoye-ɓoye."

Ta dafa kan Ummusalma ta sa mata albarka, ta tafi. Ba ta ƙara maganar girki ba.

Abin da ya biyo baya a bakin Gwaggo Sabuwa Hure ta ji. Hajiya Delu ta kira Alhaji Gidaɗo ta faɗa mashi tarihin ɗanta, ta ce a dakata da sa rana. Ta tambaye shi dalilin da ya sa aka bar ƙanwarshi a gida. Ya rantse cewa yarinyar ce ta faɗi da safen, Hure da kanta ta ce ba za su zo ba, maganar mai girki kuma wasa ne irin na Fiddausi.

Hajiya ta ce to. Ranar Asabar za ta koma gidan Hure. In Hure ta faɗa da bakinta haka aka yi, a ci gaba da magana. In ba haka ba, ba za ta kai ɗanta gidan da ake ɓoye marar lafiya ba, don ba ta san me Allah zai ba su a jikoki ba.

Shekaranjiya sai ga Yaya Gidaɗo a zauren Hure. Rabon ƙafarshi da gidan shekara huɗu. Direba na biye da buhun shinkafa.

"Hure, abin da ya wuce ya wuce. Kalma ɗaya nake so. In ta zo ki ce yarinyar ta faɗi."

"Yaya, shekara ɗaya da wata bakwai ba ta faɗi ba."

"Wa yake ƙirga wannan?"

"Ni."

"Ke matsalarki ke nan, riƙo. Na yi ne don rufin asirin gida. Ni na san ɗan nasu ma yana da shi?"

"Da ba shi da shi fa, Yaya? Da daidai ka yi?"

Ya gyara hula. "Zumunci ya fi wannan. Na'ima ɗiyarki ce. In auren nan ya lalace, ki san a hannunki ya lalace."

Har ya fita bai ce ta yi haƙuri ba. Bai kuma tambayi ina Ummusalma ba. Fiddausi kuwa har yau ko gaisuwa.

Yana tafiya Na'ima ta kira tana kuka. "Gwaggo, wallahi ce mani aka yi ba ki jin daɗi. Har dambu na ɗebe na ce a kawo maki. Ni ba zan ce ki yi ƙarya ba, Gwaggo. Amma ina son shi."

Hure ta ajiye waya ta shiga ɗaki. Ta tarar Ummusalma ta sauko da rigar ankon daga igiya, ta ninke ta, tana tura ta can ƙasan akwati.

"Umma, na ji abin da Kawu ya ce. Na ji na Anti Fiddausi ma ranar nan, wayarki da ƙara take."

Yarinyar ta rufe akwatin, ta ƙara da cewa:

"Ki ce masu na faɗi ɗin. Ai ba wanda zai yi mamaki. A bar Yaya Na'ima ta yi aurenta."

Nan labarin ya tsaya, don nan nake tsaye.

Darasi: Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya ɓoye nashi marar lafiya don ya burge bare, bai san me baren ya goya a bayanshi ba. Yayana ya ji kunyar ɗiyata a gaban matar da ta fi kowa sanin ciwonta, kuma abin da ya ɓoye don auren ya ɗore shi ne yau ya tsayar da auren. Ku tura wa duk dangin da ke shirin taron hutu. Kafin mota ta tashi a ƙirga mutane, ba kuloli kaɗai ba.

Yanzu ni kuma ku taimake ni. Maigidan ya ce in mayar da shinkafar, sauran kuma tsakanina da 'yan uwana ne, ba zai sa baki ba. In na faɗi gaskiya, Na'ima ce za ta biya laifin da ba nata ba, kuma na san ni da gidanmu shi ke nan. In na ce ta faɗi, na yi ƙarya a gaban matar da ta zubar da hawaye a ɗakina, na kuma koya wa ɗiyata cewa ciwonta tabarma ce da kowa zai shimfiɗa ya rufe ƙazantarshi. Ina kuma tsoron in kira faɗuwar da bakina Allah Ya kama ni da ita.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce. Malamai da iyaye mata na shafin nan, Hajiya Delu ta ce ƙarfe huɗu za ta zo, bayan la'asar. Ummusalma ce za ta kawo mata ruwa.

Me zan ce mata?