Kira Ɗaya da Ya Rage wa Tanimu Sanƙira

To, ku gyara zama, ku ajiye gyaɗar nan tukuna. Ga wata ta zo muku, kuma idan na kai ƙarshenta, sauran aikin naku ne.

A Tudun Kanya an yi wani sanƙira mai suna Tanimu. Duk ajon da za a yi a garin, na aure ko na wanda gobara ta cinye wa shago, shi ne a tsakiyar fili yana shelar masu gudummawa. Ko ɗan abu kaɗan ka miƙa, idan Tanimu ya ɗaga sunanka, ya jawo na kakanka ya haɗa, sai ka koma gida kana jin kamar raƙumi ka bayar.

Wata shekara muryar ta dushe. Aka ce mura ce, aka yi ta ba shi citta da zuma. Da abin ya ƙi, sai aka koma cewa sammu ne, wani abokin sana'a ya ɗaure masa maƙogwaro. Yayarsa Tasalla ba ta yarda ba. Ta sayar da awakinta, ta sa shi a mota zuwa babban asibitin birni. Likita ya ce ciwon daji ne, amma an zo da wuri, akwai magani, sai dai da tsada. A hanyar dawowa Tanimu ya raɗa mata kada ta faɗa wa kowa, don a garin nan ba a ambatar sunan wannan cuta, sai dai a ce "ciwon nan" a yi shiru. Tasalla ta ce, "Kai da ka tsufa kana kiran sunayen mutane, yau sunan ciwo ne ya fi ƙarfinka? Ni zan kira shi." Ta kuwa kira, a bakin rijiya da gidan suna, har maganar sammu ta mutu.

Sai Mati mai kalangu, amininsa tun suna yara, ya ce ajo za a yi. Tanimu ya ƙi. Da guntuwar muryarsa ya ce, "Wa zai yi shelar?" Mati ya ce, "Kai kaɗai ka ɗauka kana da baki? Kalangu ma yana da nasa." Ya bar wasannin bikin da aka kama shi, ya bi ƙauyuka a kan tsohon kekensa yana gayya. Ya samo fili a wurin mai unguwa, ya sa mata suka dafa waina ta sayarwa, har sanƙiran da aka zarga da sammun sai da ya je ya ba shi haƙuri ya kawo shi. Ranar ajo fili ya cika maƙil, duk wanda ya fito Mati ya kira sunansa da kalangu.

Amma tabarmar gudummawa ta ƙi cika. Mutane suna zuwa a sunkuye, su ajiye ɗan abin da ake ajiyewa a gaisuwar mutuwa, su ce Allah Ya sa kaffara ne, su koma. A ransu ba a tashi daga ciwon nan, don haka ta'aziyya suka zo yi tun mai ita yana zaune yana kallonsu.

Nan Malama Kubura ta miƙe, tsohuwar shugabar firamare, wadda rabin garin suka bi ta hannunta. Shekarun baya ta taɓa ɓacewa da daɗewa, aka ce ta je zaman jegon 'yarta. Ta karɓi lasifika ta ce, "Jegon nan da na je, babu jariri. Ciwon daji ne a nono, aka cire shi, aka yi mini magani. Ko surukaina yau suke ji. To ku dube ni da kyau. Tun daga lokacin na aurar da jikoki, kuma kai Garba mai nama, har yanzu ina tuna ba ka iya lissafin sau bakwai a aji ba." Aka yi dariya, dariyar farko a filin. Sai mutane suka fara zamewa gida suna dawowa, wannan da rago, wancan da buhun gero, wata da 'yan kunnenta a hannu.

Tanimu ya yi jinya ya warke. Da rarar kuɗin ajon aka buɗe asusu, ajon kuma ya zama na kowace shekara bayan girbi. Wani kaso na masu jinya, wani a aika wa likitocin da ke binciken cutar. Yanzu waɗanda suka warke su ke zama a sahun gaba, ba mai ɓuya.

Muryar ta dawo, amma siririya. Likita ya ce hira dai ya yi, shela kuwa ya haƙura. Tanimu ya yi ta roƙo har likitan ya ce to sau ɗaya, suna ɗaya da kirarinsa, daga nan ya rufe sana'a.

Ga shi yanzu a tsakiyar filin ajon bana, kowa ya zuba masa ido. Tasalla tana kan tabarma, ba don ita ba da yana nan yana shan zuma har lokaci ya ƙure. Mati ya maƙale kalangu a hammata, ba don shi ba da babu taron da za a yi magana a cikinsa. Malama Kubura tana kan kujerarta, ta ba da sirrin da ba ya komawa, ba don ita ba da taron ya watse da kuɗin likkafani.

Tanimu ya ja numfashi, ya ɗaga hannu. To, ku faɗa mini, sunan wa ya kamata ya kira?