Sunan Wa Za A Raɗa Wa Ɗan Mai Narka Dalma?

"Sunan wa za mu raɗa wa yaron nan?" Haka na jiyo surukina yana tambayar baƙi a zaure, ni kuwa ina ɗaki da jaririn kwana huɗu. Ya ce sai wanda ya ceci uban, kuma su uku ne.

Maigidana gyaran batir yake yi, kullum yana kan kaskon narka dalma. In ya tashi sai ya sha madara, wai tana wanke hayaƙin daga ciki. Duk 'yan layinsu haka suke yi.

Na farko Haladu, abokin aikinsa. Shi ya tsare shi ranar kasuwa ya ce, "Hau babur, malam, madararka ba likita ba ce." Maigidana ya ce ƙalau yake. Haladu ya kulle shagon ya jefa mabuɗin a aljihu. Da bai kai shi asibiti ba, da ba wanda ya duba.

Na biyu Mamuda, mai awon jini da fitsari a asibiti. Awon farko ya fito lafiya, har sun miƙe. Sai Mamuda ya kalli faratan maigidana ya ce, "Wace sana'a kake yi?" Ya sake karɓar fitsari, ya nemo wani sinadari da ƙoda ke zubarwa in dalma ta soma cin ta, tun mutum bai ji ciwo ba. Ya same shi ya hau sosai. Ikon Allah! Ƙoda tana kuka a ɓoye, wani ya ji ta a cikin 'yar kwalba.

Na uku Yaya Barau, wan maigidana. Likita ya ce magani banza ne in ya koma kan kaskon. Barau ya raba lambunsa na albasa biyu don ƙanen ya koma noma, ya ce, "Zaɓi ɓangaren da ke kusa da rijiya."

Zaure ya kaure da gardama. Ni dai na san wata biyar baya, maigidana yana dariya, na hangi wani baƙin layi a dasashinsa, na raɗa wa matar Haladu wajen niƙa, ita kuwa ta kai wa mijinta. Na so in aika a faɗa, sai na ja zane na rufe yaron. Wannan ba mai jin sa a bakina.

Saura kwana uku suna. To, Haladu, Mamuda ko Barau, wa ya fi cancanta yaron ya ci sunansa?