Dami Ɗaya Ranar Kasuwa

An yi wani mutum da ya rasa gonarsa da bakinsa. Ba fari ya cinye ta ba, ba ruwa ya share ta ba. Shi ya tsaya gaban hukuma ya rantse cewa ba tasa ba ce. Yau yana tashar Madawa yana dakon buhunan albasa, kuma mutanen garinsu in sun hango shi sai su sake hanya. Za mu sakaya sunansa saboda 'ya'yansa.

Garin yana kan tudu tsakanin Buza da Keita. Arewa da shi akwai fako, ƙasa mai tauri wadda ko akuya ba ta tsayawa a kai. Shekara talatin da suka wuce talakawa suka tasam mata. Maza suka haƙa tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama. Mata suka yi jidar duwatsu a ka, suka jera. Gida arba'in da uku ne. Sannu a hankali gero ya tsaya.

Da fakon ya zama gonaki, sai gidan sarautar yankin ya tuna ƙasar kakanninsa ce. Shekara shida ke nan aka aiko: kowace gona ta kai dami ɗaya ƙofar fada bayan girbi.

Ya 'yan uwa, dami ɗaya ba ya cika rumbu. Amma kowa a ƙasar nan ya san ma'anarsa. Wanda ya kai dami ya yarda gonar aro ce, kuma mai aro ana iya tashinsa kowace rana.

Gari ya taru. Gwaggon mutumin nan, tsohuwa Kaltuma, ta zame ɗankwali ta nuna tsakar kanta.

"Ku duba, dutse ya cinye gashin. Sa'adda munka yi jidar nan, ina sarauta take? Ko zangarniya guda ba su gani!"

Aka yi alkawari babu mai kai dami. Gida arba'in da uku suka dangwala yatsa a takarda, suka danƙa wa mutumin, don shi ne ya yi lakwal, wato makarantar boko, shi zai yi magana da bakinsu gaban kwamitin filaye.

Bayan kwana uku wakilin fada, wani Mahamud, ya same shi a gona.

"Kai da karatunka, mi kaka yi cikin masu tonon rami? Rawanin Sarkin Noma na jiranka. Dami guda ɗai, da 'yar takardar nan mai yatsun mutane."

Mutumin ya tuna tun tasowarsa yake cika wa mutane takardu, ba a taɓa miƙewa an ba shi tabarma ba. Ya ce a ransa, gero kaɗan ne, wa zai sani?

Ranar kasuwar Karofane, da gari ya watse, ya ɗora dami a jaki ya kai fada, takardar tana aljihunsa. Ranar zaman kwamiti kuwa ya ɗora hannu kan Alƙur'ani ya ce fakon na sarauta ne, su duka aro suke ci.

Aka tambaya, wa da wa suka taɓa kai dami? Aka bincika, ba a samu kowa ba sai shi. Maganar gonaki arba'in da biyu aka miƙa wa alƙali. Tasa kuwa ba ta buƙaci shari'a ba, tunda mai ita ya yi iƙirari.

Damina ɗaya ya yi da rawani. Gonarsa ita ce ta bakin hanya, ɗan sarki ya gani yana so. Mahamud ya dawo.

"Ai kai ka rantse, Sarkin Noma. Mai abu na son abunshi."

Sarkin Noma ba gona? Kafin wata ya ƙare aka karɓe rawanin.

Ya je wurin gwaggonsa, ya tarar tana sheƙa. Ya durƙusa.

"Gwaggo, ki roƙa mini mutane."

Ba ta ajiye ƙwaryar ba. "Duwatsun gonar ga, uwarka ta jido su har wuyanta ya sanƙare. Ita za ka roƙa, ba ni ba."

Uwar ta shekara goma da rasuwa.

Ya 'yan uwa, ku dubi ƙazantar wannan ciniki. Amanar gida arba'in da uku, da rantsuwa da Littafin Allah, a bakin ƙyalle kamu shida. Mai cin ƙasar talaka azzalumi ne, kuma zai amsa tambaya. Amma shi bai san ƙofar da zai shiga ba sai da na ciki ya buɗe masa. Wanda jama'a suka ba bakinsu ya sayar, da me zai tsaya ranar da hannu da harshe za su yi shaida?

Har yau alƙali bai yanke ba. Gida arba'in da biyu suna shuka ba su san ko na baɗi nasu ne ba. Rantsuwar mutumin tana nan cikin takardun shari'a, takarda mai yatsunsu kuwa ba a sake ganinta ba.

Allah ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, ya mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu, ya kiyaye mu.