Gada da Tauraron Wutsiyar Ido

An yi wata shekara da tafkin Kurmin Ɗorawa ya ƙafe ƙaf, har laka ta tsattsage. Dabbobi uku suka rage a bakinsa: Jimina mai taƙama da manyan idanu, da Gada mai kunya wadda ba ta taɓa kallon kowa ido cikin ido ba, da ƙawarta Bushiya, wadda duk wanda ya fi ɗaga murya shi ne mai gaskiya a wurinta.

Da magariba Gada ta ce a hankali, "Kakata ta faɗa mini akwai gulbi a arewa, ƙarƙashin wani ɗan tauraro fari mai shuɗi-shuɗi. Ga shi can, dishi-dishi."

Jimina ta zaro idanu ta ƙura wa wurin. "Ina? Ke, ƙishirwa ce ta taɓa miki kai!"

"Yaya, ba a ƙura masa ido, ɓacewa yake yi. Ɗan kau da kai, ki dube shi da wutsiyar ido."

"Ni? Da waɗannan idanun zan yi satar kallo kamar ɓarauniya? Ga babban tauraro can yamma kamar fitila, shi za mu bi!"

Gada ta juya ga Bushiya. "Don Allah ƙawata, gwada ko sau ɗaya."

"Abin da idon Jimina bai gani ba, naki ne zai gani?" in ji Bushiya, ta bi bayan Jimina.

Kwana uku Gada tana tafiya ita kaɗai, kai a karkace, tana kuka. Ta iske gulbin maƙil da ruwa. Ta sha, amma ranta bai yi sanyi ba. Kullum tana bakin ruwa tana duban hanya.

Ran nan Ungulu ta sauka shan ruwa. Gada ta tambaye ta ko ta ga 'yan'uwanta.

"Na gan su," in ji Ungulu. "Tauraronsu tun kafin isha yake faɗuwa, ya bar su suna zagaye cikin rairayi. Jimina ta mutu idanu a buɗe, manya-manya kuwa."

"Bushiya fa?"

"Ita ma ta mutu, kwance take tana fuskantar arewa, kanta a karkace. Ina jin ta ga tauraron arewan daga ƙarshe."

Gada ta kifa kai a bakin gulbi. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga ido ta nemi tauraron ba.

Darasin wannan labari shi ne, girman ido ba shi ne gani ba. Wanda girman kai ya hana shi karkata wuya ya saurari na ƙasa da shi yakan hallaka, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba.