Yaɓen Unguwar Marina

An yi wani sarki mai son tsari, wanda ya hau soro wata safiya gab da faɗuwar damina, ya hangi Unguwar Marina katangu duk sun zaizaye, babu gidan da aka yi wa yaɓe. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda bai yaɓe gidan da yake ciki ba nan da kwana bakwai, za a fitar da shi daga birnin. Kwana bakwai suka cika, ba wanda ya kwaɓa ƙasa.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, lalaci ne irin na 'yan haya." Sarki bai gamsu ba. Ya aika a kira dattijon unguwar, Malam Ɗantani mai koyar da karatu, tare da Madugu Kwasau, attajirin da ya mallaki gidajen.

Malam Ɗantani ya yi gaisuwa cikin ladabi, sannan ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mun ji shela sarai, kuma ba za mu yi ba."

Sarki ya ce, "Ka san hukuncin. Faɗi hujjarka."

Malam ya ce, "Shekara goma sha bakwai nake yaɓen gidan nan da hannuna. Na sake azara, na kafa indararo. Amma kowace shekara, da yaɓe ya bushe, sai wakilin Madugu ya biyo layi yana shafa bango, gidan da ya fi kyau shi za a fi ƙara wa kuɗin haya. Maƙwabcina da ya bar nasa yana zuba, ba a taɓa ƙara masa ba. Bara Gwaggo Tabawa, wadda mijinta ya rasu, ta sayar da akuyarta ta yi wa ɗakinta yaɓen makuba mai hana ruwa cin bango. Aka ce gidan ya fi ƙarfinta, aka fitar da ita, aka ba wani. Hatsi ya yi tsada, ranka ya daɗe, ga shi kuma ana sayar mana da guminmu. In korarmu za a yi, gara a kore mu daga kango."

Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, gida nawa ne, kuma a shari'a mai abu shi ke yi masa farashi."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Raba mini wannan." Waziri ya yi ta shafa gemu, ya ce kowannensu yana da gaskiya.

Malam Ɗantani ya ce, "To ni na yarda da Madugu. A mayar masa da gidansa yadda ya ba ni. Zan kankare ƙasata, in zare azarata, in cire indararona. Abin da ya saura, ya yi masa farashin da ya ga dama."

Sarki ya ce, "Madugu, me zai saura?"

Madugu ya sunkuyar da kai ya ce, "Fili, da guntun bango."

Malam ya ce, "Da kunamu. Su ma na same su a ciki, ba zan ɗauka ba."

Sarki ya yi murmushi, ya zartar da cewa daga ranar gyaran da ɗan haya ya yi ba zai zama dalilin ƙara masa haya ba, kuma kowa ya koma kan abin da yake biya kafin a fara shafa bango. Sannan ya yi wa Malam kyautar gida a kusa da fada.

Malam ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe, amma ba ni kaɗai na zo ba. Ba zan kwaɓa ƙasa ba sai Gwaggo Tabawa ta koma ɗakinta."

Kafin azahar aka mayar da ita, Sarki ya biya ta akuyarta, ya naɗa Malam mai duba hayar birnin. Washegari unguwa ta fito da fartanya da tulu. Sarki ya sa aka rubuta a ƙofar fada: "Mulkin da ke hukunta mai gyara, da hannunsa yake rushe garinsa."